Takardar jauro ta isa, ko sai an yi titir?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Na sayi fili a ƙetaren gada, wajen Bokle kusa da Garwa, a Kamaru, a hannun wani dattijo. Mun rubuta takarda, jauro, wato mai garin wurin, ya sa hannu ya buga hatimi, ga shaidu nasa ga nawa. Har na zuba yashi da bulo zan kewaye. Sai wani abokin kasuwancina ya ce in dakata, wai abin da ke hannuna ba komai ba ne a wurin hukuma muddin ba titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Haka ne? In haka ne, ta ina ake farawa?

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Ɗana, je ka yi gininka. Gidan da nake ciki a Hausare kakana ya gina shi, a ciki mahaifina ya rasu, yau jikokina ke wasa a tsakar gidan. Ba a taɓa buga mana ƙofa an ce ina takarda ba. Jauro ya sani, lawan ya sani, fada ta sani. Wa ya rage?

Ɗalibar Dang:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gidanku daban, filin yaya Baban Walid daban. Ku unguwa kaf shaidarku ce, kuma kuna zaune tun kafin a yi dokar filaye. Shi kuwa jiya-jiya ya saya, a wurin da kowa ke rububin fili. A can shaidar baki ba ta da nauyi.

Alhaji Mai Goro:
'Yar nan, ku 'yan boko gani kuke kamar kafin a kawo takarda a kan bishiya muke kwana.

Direban Gaundare:
Hhhh, Alhaji ya fara. A kira mana Baba Magatakarda ya raba gardama.

Tsohon Magatakarda:
Salamu alaikum. Ga ni. Baban Walid, abokinka bai yi maka ƙarya ba, ya dai gajarta maganar.

Tushen abin dokoki ne da marigayi shugaba Ahidjo ya sa wa hannu ranar 6 ga Yuli 1974. Daga nan ƙasar Kamaru ta kasu uku. Akwai mai titir, ko ta mutum ko ta gwamnati. Akwai ta amfanin kowa, irin hanyoyi da gaɓar koguna, wadda ba a sayarwa ba a mallaka. Sauran duka, gonakinmu da gidajen gado da daji da makiyaya, an zuba su a abin da ake kira domen nasiyonal, gwamnati ce mai riƙo. Wanda ke kai zai ci gaba da zamansa da nomansa, amma a wurin doka ba shi ne mai ƙasar ba.

Abin da ya fi shafarka sashe na 8 ne na dokar farko. Ya ce cinikin ƙasa sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita, kuma sayar da filin da ba shi da titir da sunan mai sayarwa ɓatacce ne tun daga tushe. Har hukunci aka yanka wa mai sayarwa: tarar sefa 25,000 zuwa 100,000, ko ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 3, ko a haɗa masa duka. Shi ya sa masu wayo in sun je gaban jauro ba sa rubuta ciniki, sai su rubuta cewa wane ya sauka daga haƙƙinsa na gargajiya ya bar wa wane.

Takardarka ba ta banza ba ce. Tana nuna lokacin da ka shiga wurin da wanda ya shigar da kai, kuma in ka kara da wani mai takardar jauro irin taka za ta yi maka rana. Amma ranar da mai titir ya zo, ba ta iya tsayawa a gabansa.

Baban Walid:
Innalillahi. Baba, kenan kuɗina sun tafi?

Tsohon Magatakarda:
Ba su tafi ba, kwantar da hankalinka. Amsa mini wannan: dattijon, ko mahaifinsa, sun noma wurin kafin 5 ga Agusta 1974?

Baban Walid:
Ya ce gonar ubansa ce. Akwai tsofaffin mangwaro a gefe da wata rijiya da ta rufta.

Tsohon Magatakarda:
To kada ka sare mangwaron nan, kada ka cike rijiyar. Su ne lauyoyinka.

Ranar da na ambata ita ce iyaka. Wanda ya zauna ko ya yi aiki a ƙasa kafin ranar, shi ko magadansa, yana da damar neman titir kai tsaye. Wanda ya shiga bayan ranar, hanyarsa konsesiyon ce: ka rubuta abin da za ka yi a wurin, a ba ka riƙo na wucin gadi wanda bai wuce shekara 5 ba, in ka cika alkawari a dawo a duba, sannan a tabbatar maka, ka biya, a yi titir. Ƙasa da hekta 50 minista ke sa hannu, abin da ya haura sai shugaban ƙasa.

Hanya mafi tsabta gare ka ita ce ka zauna da dattijon da 'ya'yansa, a nemi titir da sunansu tunda su ne masu haƙƙin asali, kai ka taimaka da ɗawainiya. In ya fito, ku je wurin noter a yanka maka kasonka, a buɗe maka naka titir. Ka yi wannan tun dattijon yana raye. In ya faɗi, da mutum ashirin za ka yi magana, ba ɗaya ba.

Maman Husna:
Baba don Allah a jero mana yadda ake bi. Kullum sai a ce "je domen", ofishin filayen gwamnati, in ka je a ce "je kadastir", ofishin awon filaye.

Tsohon Magatakarda:
'Yata, ba a domen ake farawa ba, a ofishin sufurfe ne, wato sous-préfet, wakilin gwamnati na yankin da filin yake. Dokar da ke bayani ita ce ta 27 ga Afrilu 1976, aka yi mata gyara ranar 16 ga Disamba 2005. Kafin gyaran sai dosiye, wato fayil ɗin takardunka, ya kai Yawunde, yanzu a departama, wato matakin gunduma, ake buga titir.

Ka cika takardar nema kwafi huɗu, na farko da tambur, wato kan sarki. Kowane fili da takardarsa. In hanya ko rafi ya ratsa gonar, ta zama fili biyu, nema biyu. Sufurfe ya ba ka rasit cikin awa 72, ya tura dosiye ofishin ma'aikatar filaye ta MINDCAF na departama cikin kwana 8. Can za su lilliƙa sanarwa a ofishinsu da na sufurfe da meri, wato ofishin magajin gari, da ƙofar mai gari. Sai a sa ranar fitowar kwamiti. Sufurfe ne shugaba, da mutumin domen, da na kadastir, da mai garin wurin tare da dattawansa biyu. Su zo su ga aikin da ke ƙasa da idonsu, su ji ta bakin maƙwabta. In sun gamsu, jiyometir, wato ma'aunin fili na kadastir, ya kafa born, alamun iyaka, a kusurwoyi, maƙwabta su sa hannu. Daga nan dosiye ya hau ofishin jiha, a buga sanarwar kammala bornaj, wato kafa born ɗin, a mujallar sanarwar filaye. A jira kwana 30. In ba wanda ya ce uffan, mai riƙon littafin filaye ya rubuta ka, ka biya kuɗin hukuma, ya ba ka kwafi. Asalin yana cikin littafi a wurinsu.

Lokacin gyaran 2005 an ce wata shida ya isa.

Direban Gaundare:
Wata shida a bakin rediyo. Baba, ku faɗi gaskiya, wa kuka sani da ya samu a wata shida ba tare da yana da wani a sama ba? Ni nawa dosiyen ya tsufa har takardun sun canza launi. Wani ɗan kamasho da ke zama a bakin wani ofishi, ba zan kira suna ba, ya karɓi kuɗina ya ce shi zai bi mini. Yau lambarsa ba ta shiga. Ga kuɗin man motar kwamiti, ga abincin rana, ga na goron dattawa, ba ɗaya mai rasit.

Tsohon Magatakarda:
Ban musa ba. Ɗaukar kwamiti zuwa fili a wuyan mai nema yake, kuma ta nan ake shigo da abin da ba ya cikin doka. Amma dosiye ba a ba ɗan kamasho. Mai shi ke bin sa da ƙafarsa, da rasit ɗinsa a aljihu, ya san lambar da aka ba shi a kowane ofishi.

Manomin Ngong:
Ku bar ni in shigo, domin duk wannan bayanin na mutanen birni ne. Baba ya ce 5 ga Agusta 1974. To a 1974 wa ke nan? Yawancin ƙauyukan da ke tsakanin Ngong da Lagdo da Tuboro bayan nan aka kafa su ko suka cika. Gwamnati da kanta ta kwaso mutane daga duwatsun Mandara da wajen Kaele da Yagwa ta ce su zo kwarin Binuwai akwai ƙasa. Madatsar Lagdo ma sai 1982 aka gama ta. Iyayenmu suka bi auduga da masara da kasuwa suka zo, aka nuna musu daji, suka sare da gatarinsu. Yau shekara arba'in da wani abu muna noma wuri ɗaya, amma doka ta ce mu ba 'yan kai tsaye ba ne, mu je mu nemi konsesiyon kamar wani kamfani. Mai hekta biyu na auduga wane tsarin aiki zai rubuta da Faransanci?

Kuma ga abin da ba a faɗa. Mu nan duk kaka ana kai wa fada zakkar hatsi ta hannun jauro. Ranar da ka ce za ka yi titir, cewa ka yi ka fita daga hannunsu. Kuma wa ke zaune a kwamitin da zai zo duba gonarka? Shi jauron da dattawansa biyu. Wa ka ga ya sa hannu a takardar da za ta yanke masa abinci?

Alhaji Mai Goro:
Yauwa! Ai ga ta nan. An zaga an zaga an dawo ƙofar jauro. Ni da na ce jauro ya sani aka ce tsohon zamani ne.

Ɗalibar Dang:
Baba Alhaji, ana bi ta ƙofarsa sau ɗaya ne. Bayan titir ya fito, ko jauron ya rasu, ko an naɗa wanda ba ya shiri da ku, ba mai iya cewa ku tashi. Wanda ke zaune da yardar jauro kuwa kullum sai ya sabunta yardar.

Sannan kawu Manomi, akwai 'yar ƙofa a gyaran 2005. An ce ko aikin da ke ƙasa na bayan 1974 ne, in kwamiti ya tabbatar akwai wani zama ko amfani da ya riga shi tun kafin ranar, ana iya bin hanyar kai tsaye.

Manomin Ngong:
Ƙofar da mabuɗinta ke aljihun mutumin da nake magana a kai. Kuma ita ce ta sa kowa ya zama maƙaryaci. Yaron da aka haifa a 1990 sai ka ji shaidu sun rantse kakansa ya dasa darbejiya a wurin tun zamanin Ahidjo.

Tsohon Magatakarda:
A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ranar nan ta 1974 ta yi amfani a lokacinta, yau ta zama tarko. Mafi yawan 'yan ƙasar nan ba a haife su ba a ranar. Shugaba Biya ya yi maganar gyaran dokar filaye a taron manoma na Ebolowa a 2011, amma dokar 1974 ce dai ke aiki.

Na Mubi:
Mu a Najeriya dokar 1978 ta zamanin Obasanjo ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Takardar da yake bayarwa ta zama ce, galibi shekara 99. Ku naku in ya fito na har abada ne, ku gode wa Allah.

Ɗan Kusiri:
A ƙetaren Logon ma kusan kanwar ja ce. Chadi da dokokin 22 ga Yuli 1967 take aiki, sun ma girmi namu. A Injamena da yawa takardar bulama ce a hannunsu, fili ɗaya a sayar wa mutum uku. Mu nan Kusiri tunda mutanen can suka fara tsallakowa suna saye, abin ya zama ruwan dare.

Direban Gaundare:
Na Mubi, "har abada" ɗin nan shi ne abin tsoron. Ku kuna maganar titir kamar garkuwar talaka ce. Ni da nake yawo a Adamawa abin da nake gani daban ne. Ka bi hanya ka ga waya ta kewaye daji iya ganinka, a ce ranc ɗin wani babba ne, yana da takarda. Bororon da kakanninsa suka yi kiwo a wurin ya zo da shanu ya tarar an toshe burtali. Yaushe aka nema? Yaushe aka liƙa sanarwa? An liƙa, a bangon ofis, da Faransanci, kwana 30 suka wuce yana can wajen rani. Wa ke karanta mujallar sanarwar filaye a rugga? Ko a cikinmu nan wa ya taɓa riƙe ta a hannu?

Maman Husna:
Ni ko sunanta ban taɓa ji ba sai yau.

Ɗalibar Dang:
Dokar 1974 ta ambaci makiyaya da hanyar dabbobi a cikin ƙasar da ake ɗauka tana da mai amfani da ita. Matsalar ita ce an ce sai an ga alamar hannun mutum a fili. Manomi zai nuna kunya, mai gida zai nuna katanga. Makiyayi me zai nuna? Ciyawar da aka cinye?

Amma yaya Direba, abin da ka faɗa hujja ce a kan mu yi, ba mu bari ba. Tunda ana iya yi a bayan idonka, gara ka riga.

Direban Gaundare:
Mai kuɗi ne ke riga, ƙanwata. Shi ke nan maganar.

Baban Walid:
To in mutum ya wayi gari an yi titir a kan filinsa, shi ke nan babu yadda za a yi?

Tsohon Magatakarda:
Doka ta ce titir ba a ƙalubalantarsa, ba a taɓa shi, kuma ya zama na ƙarshe. Wanda aka cuta ta hanyar yaudara, abin da aka ba shi shi ne ya kai mayaudarin kotu ya nemi diyya. Sai dai minista yana iya janye titir in ma'aikata sun yi kuskure a hanyar da aka bi. Gyaran 2005 kuma ya lissafa waɗanda ɓatattu ne da kansu: in an yi titir fiye da ɗaya a fili ɗaya, in an buga shi ba a bi hanya ba sam, in ya hau ƙasar amfanin kowa ko ta gwamnati. In minista bai share maka hawaye ba, akwai kotun ƙararrakin gwamnati a Garwa da Marwa da Gaundare. Amma hanya ce mai tsawo mai cin kuɗin lauya. Mai hankali tun a ranar bornaj yake tsayawa. Ka ga baƙi da ƙarfen awo a kusa da gonarka, ajiye abin da kake yi ka je ka tambaya.

Kuma ku sani akwai dokar 14 ga Yuli 1980. Wanda ya yi gini ko noma a filin mai titir ba da izininsa ba, akwai tara akwai ɗauri, kotu kuma ta sa a fitar da shi. Don haka Baban Walid, kafin ka ɗora bulo ɗaya, je kadastir a duba ko wurin yana cikin wani tsohon titir ko filin da gwamnati ta keɓe. In yana bakin babbar hanyar Gaundare, ka sa a auna, domin a wajen gari mita 40 daga tsakiyar kwalta na hanya ne, a cikin gari ne ake ragewa. In ya yi kusa da kogi, mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 sun san inda Binuwai ke kaiwa.

Alhaji Mai Goro:
Duk wannan wahalar don gwamnati ta san abin da ka mallaka ta aiko maka da takardar haraji. Ni dai na faɗa.

Ɗan Kusiri:
Alhaji, harajin fili ba ya jiran titir, in suka ga gini za su zo. Amma ranar da hanya za ta bi ta kan gida, mai titir ana biyansa ƙasa da gini, marar titir gini da itatuwa kawai ake lissafa masa. Banki ma in ka je neman jari, titir suke tambaya.

Alhaji Mai Goro:
Allah ya raba ni da bashin banki.

Modibbo na Dugoy:
Amin Alhaji. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Abu biyu zan ce.

Na farko, masu cewa rubuta ƙasa bidi'ar Nasara ce su sake tunani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, raya matacciyar ƙasa yana sa a mallake ta, amma in tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Neman izinin hukuma a kan ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Na biyu ya fi nauyi. Takarda ba ta halatta haram. Wanda ya san gonar marayu ce, ko burtali ne, ya bi ta ofis ya fito da titir, kotun duniya za ta ba shi, amma hadisi ingantacce ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Haka shaidun da ke rantsuwa a kan abin da ba su gani ba, da mai garin da ke sa hannu wa mutum biyu a fili ɗaya.

Manomin Ngong:
Allah ya gafarta Malam, to mu da doka ta ƙi mu sai da shaidar 1974 fa? In ba a yi ƙaryar ba gonar ta tafi.

Modibbo na Dugoy:
Ba zan ce maka ka yi shaidar zur ba. Ku haɗu ku nema a ƙungiyance. Dokar ta yarda jama'ar gari su nemi abu da sunan jama'a, ko ba haka ba Magatakarda?

Tsohon Magatakarda:
Haka ne Modibbo, in jama'ar asalin wurin ne. Ga waɗanda suka zo daga baya, ƙungiyar manoma mai rajista tana iya neman konsesiyon, kuma kuɗin fitar da kwamiti sau ɗaya ya fi sauƙi a kan mutum talatin. Sai dai a rubuta tun farko wa ke da wane yanki, in ba haka ba shugaban ƙungiya ya wayi gari shi ne mai ƙasa.

Manomin Ngong:
An gudu ba a tsira ba kenan. Za mu dai tattauna a gida.

Hajiya ta Domayo:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in katse ku, abin ya taɓo inda ke mini ciwo. Maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyar, mata huɗu da namiji ƙarami. Suna da karal, wato gonar rani, na gado a hanyar Salak, shi da 'yan'uwansa, inda ake dasa masakwa. Ba a raba ba har ya rasu. Tun da aka buɗe jami'ar Marwa a 2008 gari ke matsowa, wurin da da ba mai kallo yanzu masu kuɗi ke zagayawa. Kwanan baya aka ce mini wansa ya kai ma'aikata sun kafa born. Da na aika a tambaya sai ya ce in kwantar da hankalina, da sunansa zai yi a matsayin babban gida, kowa zai samu rabonsa. Ni ban san Faransanci ba. In yi shiru?

Tsohon Magatakarda:
Hajiya, Allah ya jiƙansa. Kada ki yi shiru ko na kwana ɗaya. Wanda sunansa ke cikin littafi shi ne mai ƙasa, babu wani "babban gida" a wurin mai riƙon littafi. Ko shi mutumin kirki ne, ranar da ya rasu 'ya'yansa ne magada, ba naki ba. Ana rubuta sunayen magada duka a titir ɗaya, ana yi kullum, ba wani abin wahala ba ne. In ya ce ba a yi, bai so ba ne.

Alhaji Mai Goro:
A nan kam ba na musu. Amma Hajiya, kafin takarda ki tura manya su same shi. Kada a ce matar ƙani ta kai wan miji ƙara, yaran nan gobe shi ne waliyyinsu wajen aure.

Ɗalibar Dang:
Baba Alhaji, a yi duka biyun a tare. Manya suna tafiya, kwanaki suna tafiya. In sanarwa ta fita aka cika kwana 30, sulhu ya zama roƙo. Goggo, abin da za ki shigar ba ƙara ba ce, takardar adawa ce da neman a rubuta haƙƙin yara. In an daidaita a gida sai a janye ta.

Hajiya ta Domayo:
A ina ake kai ta, 'yata?

Tsohon Magatakarda:
Tunda an riga an kafa born, wurin mai riƙon littafin filaye na departamar Diyamare za ki kai, nan cikin Marwa. A rubuta sunanki da inda kike, da dalilin adawar, a haɗa da takardar rasuwa da ta aure da takardun haihuwar yara. Ki karɓi shaidar an karɓa. Muddin adawar tana nan ba a buga titir sai an warware, kuma in ba a daidaita ba gwamna ake kai wa ya yanke bayan ya ji ta bakin kwamiti. A gefe guda ki fara neman hukuncin gado a kotu, wanda ke lissafa magadan mamaci, domin duk inda kika je nan gaba shi za a tambaya.

Modibbo na Dugoy:
Kuma a fara fitar da kason marigayin daga cikin na 'yan'uwansa tukuna. A cikinsa Hajiya tana da tumuni, saura na yaran ne, namiji rabon mata biyu. Tunda akwai ɗa namiji, wan mamaci ba ya cin komai a wannan kason. A gaya masa haka da taushin murya, a gaban mutanen da yake jin kunya.

Maman Husna:
Goggo ki nemi wanda ya halarci bornaj ɗin cikin maƙwabtan gonar, shi zai gaya miki ranar da aka yi da waɗanda suka sa hannu.

Hajiya ta Domayo:
Akwai wanda muke iyaka da shi ta gabas, matarsa ƙawata ce. Zan kira ta bayan magariba. Takardar auren ce ban da ita, a masallaci aka ɗaura ba mu je meri ba.

Ɗalibar Dang:
To a shigar da sunan yaran, takardun haihuwarsu suna ɗauke da sunan mahaifinsu. Maganar auren a kawo ta gaban kotu lokacin hukuncin gado, da waliyyai da waɗanda suka halarci ɗaurin. Goggo ki turo mini hotunan takardun ta gefe, kada ki sa su a zaure. Zan rubuta da Faransanci daren nan, Baba Magatakarda ya duba kafin a buga.

Tsohon Magatakarda:
Turo kafin goma, bayan nan idona ba ya ganin rubutun waya. Ki bar gurbin lambar dosiye, sai an je ofis za a samo ta.